Tsohuwar mangazar gona, za ta zaunu kuwa?

Ɗan Jiratawa: Salamu alaikum jama'a. Baba ya bar mana wata tsohuwar mangaza a gona hanyar Jiratawa, ta ƙasa ce, da can gyaɗa da gero ake zubawa ciki. Ina so in gyara ta in tare da iyali, haya cikin Maradi ta ishe ni wallahi. In gyara ko in rushe?

Magini: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa fara duba gindin bango tukuna, in damina ta cinye shi ko gara ta shiga azara to kar ka ɓata kuɗinka. Kuma don Allah kar ka shafa siminti kai tsaye kan bangon ƙasa, ba su kama juna, shekara biyu sai ka ga yana ɓarewa falle-falle, yaɓen ƙasa da makuba ya fi.

Uwar Gida: Ka tambaya ko an taɓa ajiye maganin ƙwari ko takin zamani ciki, warin nan bai fita da sauƙi, ga yara. Mangaza kuma ba taga gare ta ba, watan Afrilu kun dahu.

Tsoho: Yaro kwari take ko tudu? Ruwan gulbi ne ya tada tsohon garin Maradi a 1945.

Ɗan Jiratawa: Tudu ce Baba, amma azara kam gara ta gama da ita.