Me ya sa kullum mu ne masu tsattsauran ra'ayi?

Baban Khadija: Salamu alaikum 'yan ajinmu. Wallahi abin nan ya ishe ni. Ina teburin mai shayi da safe a Birnin Kebbi, rediyo ya sake cewa "masu tsattsauran ra'ayin Islama". To Joseph Kony na Uganda fa? Ya ce da Dokoki Goma zai mulki ƙasa, ya sace yara ya ɗora musu bindiga, kotun duniya ta ba da sammacinsa tun 2005. 'Yan Anti-balaka, mayaƙan da galibinsu Kiristoci ne, da suka kori Musulmi daga Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 2014 fa? Su 'yan tawaye kawai ake ce musu. Ina adalci?

Ɗan Yauri: Ka faɗi gaskiya. Arna ba sa laifi a idon Bature.

Ɗan Zuru: Su wane ne arnan? Shekara shida muna benci ɗaya da kai, garinka da ƙuli-ƙulina muke haɗawa a kwano guda. Yau ni ne arne?

Ɗan Yauri: Ban kama sunanka ba. Haka muka taso muka ji ana faɗa.

Malam na Jega: A'a, ka gyara. Alƙur'ani Ahlul Kitabi ya kira su. Arne shi ne mai bautar tsafi, kuma ko shi ba ya son sunan.

Ɗan Yauri: Malam, ku da kuka kafirta iyayenmu saboda wazifa, yau ku ne masu koya mana ladabin harshe?

Malam na Jega: Kawo inda na taɓa kafirta wani. Ka ji tsoron Allah.

Anti Malama: Ku saurara mana. Kalmar Turancin da ake fassarawa da tsattsauran ra'ayi ma, wato fundamentalism, a cikin Kiristocin Amurka aka haife ta, daga wasu rubuce-rubuce da suka wallafa tsakanin 1910 da 1915. Daga baya aka yafa wa Musulmi ita.

Ɗan Zuru: Ni ban kare Kony ba, azzalumi ne. Amma mai neman adalci a Uganda ya fara da gida. A garin da nake aiki mun gaji da zirga-zirgar neman takardar filin coci, kullum a dawo gobe. Sashe na 38 na tsarin mulki, mai ba da 'yancin addini, bai shafe mu ba?

Baban Khadija: Mu ma sai da aka kai Kotun Ƙoli a 2022 kafin 'ya'yanmu su sa hijabi a makarantun Legas.

Ɗan Zuru: Na ji. Har yanzu dai Ɗan Yauri bai janye kalmar ba.

Ɗan Yauri: Ba abin da zan janye. Ranar da 'yan bindiga suka shiga makarantar tarayya ta garinmu a 2021, Musulmi da Kirista suka kwasa, tare muka yi kuka. Ba wanda zai ce ina ƙin ku.

Ɗan Zuru: To mai kuka tare da ni ba ya kirana arne.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: maganar Baban Khadija na nan daram, ba wanda ya iya rushe ta, kuma Anti Malama ta ƙara mata ƙarfi. Kafafen Turawa ba sa yi mana adalci. Ɗan Zuru, ɗan'uwanmu ne kai, amma ka ɗauki abin da zafi, kalma ɗaya ta sa ka karkatar da zancen. Batun fili kuma a bar shi sai mun haɗu. Na rufe zauren zuwa bayan Isha'i.