Canjin kuɗin 2023: ya ƙarfafa ɗan kasuwa ko ya karya shi?

Mai atamfa, Kantin Kwari: Salamu alaikum. Jiya a taron ƙungiya na yi magana wasu suka yi ta gunaguni, to ga ta nan kowa ya faɗi nasa. Na ce canjin kuɗin da Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya sanar a Oktoban 2022, duk da azabar da ya jawo, shi ya ƙarfafa kasuwarmu. A da, yarana biyu kullum suna hanyar banki da kuɗi a jakar bako, gabana na faɗuwa har su dawo. Yau mai sari daga Yola zai zaɓi kaya ta hoto, ya turo, in ji alat, in kai tasha. Da ba a matsa mana ba, wallahi har yanzu muna nan muna lasar yatsa muna ƙirga.

Mai hatsi, Dawanau: Wa alaikumus salam. Alhaji, kana zaune a tsakiyar birni, bankuna sun kewaye ka, dole ka faɗi haka. Ni ƙauye nake shiga sayen kaya. A Fabrairun 2023 da idona na ga dattijo ya kawo riɗi buhu biyu a kan jaki, ba shi da asusu, wayarsa ma ta jikansa ce. Na ce zan tura masa, ya ce "ka tura ina?" Ƙarshe wani mai sababbin takardu ya saye a wulaƙance. Ni kaina na sayi dubu goma a kan dubu goma sha biyu, naira da naira, a ƙasata. Kuma ba taransifa ce ta cece mu ba. Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi.

Ɗan POS: Baba, mu muka sha zagi a lokacin, alhali mu ma a gidajen mai da wurin masu burodi muke sayen tsabar. Amma a faɗi gaskiya, kafin nan mai shayin layinmu ko kallon lambar asusu ba ya yi. Yanzu ta Moniepoint da ta OPay duka ya manna a jikin teburinsa.

Hajiya mai kayan kicin, Gusau: Ɗana, manna lamba ai ba wuya. Ku tambaye mu mutanen Zamfara. Satumban 2021 aka rufe mana layukan waya gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Sai da na shiga mota har Funtuwa don kawai in kira wanda ke aiko mini kaya daga Kano in ce ya dakata. Injin POS ɗin ƙanena ya zama abin wasan yara. Wanda ya ci abinci a makonnin nan, wanda ya ɓoye tsaba ne a ƙarƙashin katifa. Alhaji, abin da takarda ɗaya daga Abuja za ta kashe a dare ɗaya, shi kake kira ƙarfi?

Mai atamfa: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Wannan matsalar tsaro ce, ba laifin taransifa ba.

Hajiya: Ai ciki bai san bambancin ba.

Injiniyan sadarwa: Iyayena, ku ba ni dama. Abin da Hajiya ta faɗa ba Zamfara kaɗai ya shafa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, guda huɗu lokaci guda, har da MainOne da WACS. Bankuna da dama a Najeriya suka kasa aiki yadda ya kamata, Legas ma ba ta tsira ba. Kuɗin Alhaji da ke zuwa daga Yola a kan waya yake tafiya, wayar nan kuma ko mai gyaran titi na iya tsinka ta da katafila. Shi ya sa a 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani kuma take maganar shimfiɗa wayar faiba ta kilomita 90,000. Tambayata ita ce nawa daga ciki zai bi ta ƙauyukan da Baba ke sayen riɗi. A kan wannan ya kamata ƙungiya ta rubuta takarda, maimakon musun wa ya fi wa.

Mai hatsi: Madalla da kai. Amma bari in gaya muku abin da ya riƙe Dawanau a lokacin ƙarancin tsabar nan na 2023, tunda ba wanda ya ambata. Littafin dillali ne. Mun ɗauki kaya bashi daga mutanen da muka shekara ashirin muna ciniki da su, aka rubuta da biro, wata ya zagayo muka biya. Wanda ba a san shi ba, ko da miliyan goma a asusunsa, haka ya koma da mota wayam. Ga alat na bogi da ya yi yawa, mutum ba ya sakin kaya sai ya san fuskarka ko ta ubangidanka.

Mai atamfa: Wannan na yarda, ni ma da amanar na sayar. Sai dai ba zan koma jakar bako ba ko an biya ni.

Hajiya: Ba wanda ya ce ka koma, Alhaji. Ni dai har yau ba na rufe shago sai da tsabar kwana uku a aljihun jakata. Injiniya, idan za ku rubuta takardar nan, ku sa a ciki cewa kafin a sake rufe wa wata jiha layi a ba 'yan kasuwa ko kwana biyu su shirya. Ka turo mini in gani kafin a sa hannu.