"Babba juji ne": har yanzu haka yake a wurin aiki?

Baba Mai Fansho: Assalamu alaikum. Jiya jikana ya dawo daga aiki ransa a ɓace, wai manajansu ya ƙi sauraron uzurinsa. Na ce ikon Allah, mu da muka sani babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Sai ya ce min wannan maganar ta zamaninmu ce. Abin ya tsaya min a rai.

Na yi aiki a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, a shekarun 1970. Fomanmu idan ya daka tsawa, ko ƙarar injin ba ta hana ka ji. Ba ka zama a gabansa, ba ka ce masa "don me". Amma da matata ta haihu, shi ya tsaya aka ba ni bashin kuɗin rago, ya kuma zo suna da kansa. Da mahaifina ya rasu a Zariya, cewa ya yi in tafi, kada in damu da buga kati. Jujin da na sani ke nan.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma wanda kuka bayyana uba ne, ba juji ba. Juji ba ya tsawa. Karin maganar a kan haƙuri take: a zo da ƙorafi, da zargi, har da rashin kunyar yaro, babba ya shanye. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ba na neman shugabar sashenmu ta saya min rago. So nake ta raba aikin dare da adalci, in na ce majinyata sun yi wa mutum ɗaya yawa ta saurare ni, kada ta aiko min da takardar tuhuma. Baba, da kun kai wa fomanku ƙorafi a kan shi kansa, zai karɓa?

Baba Mai Fansho: 'Yata, gaskiya ba zai karɓa ba. Wanda ya ja da shi, sai dai ƙungiyar ma'aikata ta shiga maganar.

Yaron Kwari: Mu a kasuwa har yau da sauran tsohon tsarin. Shekara takwas na yi wa maigidana a Kantin Kwari, ina ɗaukar dilar atamfa, ina share shago, babu albashi. Ya yi min aure, ya sallame ni da jari. Yaran yanzu kuwa ranar farko suke tambayar nawa za a ba su a wata. Da ina jin haushi, yanzu na daina. Sun ga waɗanda suka yi shekara goma, lokacin sallama na matsowa aka ɗora musu satar da ba su yi ba, kuma babu takarda ko ɗaya a tsakani. Sarki goma zamani goma.

Malamin Tarihi: Ba halin mutane ne kaɗai ya canza ba, kujerar ce ta canza. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ma'aikaci a ƙarƙashin sarki da hakimi yake, da cire takalmi da "ranka ya daɗe" ake shiga ofis. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Kafin nan, a 1975, gwamnatin Murtala ta sallami dubban ma'aikata nan take, manya da ƙanana, daga nan shi kansa oga ya daina tabbatar da gobensa. A 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, har tsallen kwaɗo aka sa ma'aikatan da suka makara. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, Naira ta faɗi, albashi ya daina riƙe gida. Masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A 2004 aka koma fanshon da ma'aikaci ke tarawa daga albashinsa. To wanda ba zai iya yi maka alkawarin baɗi ba, da wane ƙarfi zai nemi biyayyar ɗa ga uba?

Ni a wurina maganar ba ta mutu ba. A ƙauye in rani ya yi, ana kwashe juji a mangala a kai gona ya zama taki. Haka ake so shugaba ya yi da ƙorafin da ake zuba masa.

Ɗan Birni: Malam, wannan fassarar tana da daɗi, amma ina jin kun ƙara mata gishiri. Magabata haƙuri kawai suke nufi. Ni ke riƙe da mutum goma sha biyu a wani kamfani. Na sama suna turo saƙo a WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare suna neman lissafi, na ƙasa suna son ƙarin albashi da ba ni da ikon bayarwa. In abu ya lalace a ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ni ne bafaden. Foman ɗin Baba yana da ikon bayar da bashi da hutu. Ni sai na cike takarda na jira sa hannun mutum uku.

Uwar Biyu: Na yarda, Yaya. Amma sauraro ba ya buƙatar sa hannun kowa. In ba za ka iya ba, ka faɗa min dalili, kada ka bar ni ina jin labari a bakin masinja.

Baba Mai Fansho: Na gode muku. Karanta maganar 'yata ya sa na tuna ni ma ban tambayi yaron mene ne uzurin nasa ba, karin magana kawai na jefa masa ya tashi. In ya dawo bayan sallar isha'i zan kira shi mu zauna.