Lilon yara da rumfar abinci: wace takarda ake fara nema?

Jama'a, ina neman shawara. Ina da lilon yara mai juyawa da injin, da rumfar abinci, zan kafa su a filin baje koli. Masu shirya taron sun ce ba zan kafa komai ba sai na kawo takardar inshora. Kamfanin inshora ya ce sai injiniya ya duba lilon ya sa hannu. Shi kuma injiniyan ya ƙi dubawa sai an haɗa lilon a filin, wai a nan ake gwada birki da waya.

Ta ina ake kwance wannan ƙulli? Kuma inshorar lilon tana rufe rumfar, tunda akwai tukunyar gas, ko daban ake yi?