Don Allah ku taimaka, ƙ da ɗ da ɓ suna lalacewa wajen buga jaridarmu

Assalamu alaikum jama'a. Mu ne muke son fara fitar da 'yar jaridar unguwa a nan Gwale, shafi 8 duk wata, labaran magudanan ruwa da makarantu da sanarwar aure da rasuwa, duk da Hausa. An gama rubutu an tace, amma abu guda ya tsayar da mu cak.

Muna rubutawa a Word, komai lafiya lau, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fitowa ras. Da an kai wajen mai ɗab'i ya zuba a CorelDraw ɗinsa don ya tsara shafuka sai su koma ɗan akwati ko alamar tambaya, musamman a kanun labarai inda yake sa manyan haruffa masu kauri.

Mun canza font zuwa Times New Roman, cikin labari ya gyaru amma kanun na nan yadda yake. Mun gwada font ɗin Hausa mai suna Rabi'at, a kwamfutarmu ya yi kyau, a tasa kuma sai ga }asa da ]aya maimakon ƙasa da ɗaya tunda ba shi da ita. Mun tura masa PDF, ya ce in ya buɗe ba ya iya gyara layi ko matsar da talla. Yanzu cewa yake mu haƙura mu sa k da d kawai wai kowa zai gane, ni dai gaskiya ban yarda ba, jaridar Hausa ce fa kuma 'yan makaranta za su karanta.

Wane font mai kauri ne ke ɗauke da haruffan nan duka, manya da ƙanana, wanda zai yi aiki a CorelDraw ba tare da ya lalace ba? Na gode.