Kamfanin rake zai karɓe gandunmu, Baffa ya riga ya dangwala yatsa, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar ƙasa ku taimaka, kaina ya ƙulle. Muna da gandu tun daga kakanmu, shi ya sare dajin da hannunsa. Da ya rasu, mahaifinmu da ƙanensa suka ci gaba da noma tare, domin kakarmu ta ce muddin tana numfashi ba mai tsaga gonar mijinta. Ita ma ta rasu, mahaifinmu ya bi ta, har yau ba a raba gado ba saboda kowa na jin nauyin Baffa. Mu 9 ne wajen mahaifinmu, 5 mata, biyu suna aure a wani gari. Bayan girbi wasu mutane suka zo da na'urar awo, suka kafa turaku masu jan fenti daga bakin fadama har burtali. Dagaci ya tara mu ya ce gwamnati ta ba wani kamfani filin zai noma rake, za a biya diyya, a ɗauki matasa aiki. Aka kawo takarda Baffa ya dangwala, aka ba shi kuɗi aka ce na goro ne. Yanzu an ce kada kowa ya yi sharar gona bana, ga shi na riga na kai taki. Mu yi shuka ko mu bari? Kuma diyyar nan ta ƙasa ce ko ta me?

Barista: Wa'alaikumus salam. Malam, ka ba mu tarihin kaka, ka bar abin da shari'a za ta tambaya. An ba ku takardar sanarwar soke haƙƙinku, mai sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta? Me aka rubuta a takardar da Baffa ya dangwala? Kuna da kwafinta?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma ba ta mayar da manomi baƙo a gonarsa ba. Sashe na 36 ya ce wanda yake noma fili a karkara lokacin da dokar ta fara aiki, ana ɗaukarsa tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi haƙƙin zama na gargajiya, ko ba shi da takarda. Har saurar da aka bari ta huta bisa al'adar gari tana ciki. Kafin a karɓe, sashe na 28 ya wajabta a soke haƙƙin saboda amfanin jama'a, kuma a miƙa wa mai haƙƙi sanarwa. Shelar dagaci ba sanarwa ba ce, turaku ma haka. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho ta 1991, ta nuna cewa ƙwace fili daga wani don a ba wani ɗan kasuwa ba amfanin jama'a ba ne, sai dai lauyoyin gwamnati za su kawo sashen da ya sa bunƙasa noma cikin ayyukan jama'a. Kada ku ƙara karɓar ko sisi. Ku haɗu da sauran masu gonaki ku shigar da ƙara Babbar Kotun Jiha, ku nemi umarnin dakatar da aiki.

Mai tambaya: Barista, ba mu ga wata sanarwa ba, ko an ba dagaci ban sani ba. Takardar da Turanci take, ba su bar kwafi ba. Amma gaskiya ba a ga laifin Baffa ba, gari duka an dangwala, a gaban hakimi kuma. Shi kaɗai zai miƙe ya ce a'a? Kuɗin ma ba cinyewa ya yi ba, an rufe rumbun da ya tsage ne, aka sayi taki.

Ɗan Safiyo: Kotu daban, awo daban, kuma a wurin awo ake cin manomi. Kafin katafila ta shigo ku auna gonarku da kanku. Ko da waya mai GPS a bi iyaka, a tsaya kowace kusurwa a rubuta lambobinta, maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa suna tsaye su sa hannu. In da hali ku haɗa kuɗi ku ɗauki safiyo mai lasisi ya yi muku taswira ɗaya ta unguwa. Ku kula da eka da hekta: hekta murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka 2 da rabi. Manomi ya ce gonata 10 yana nufin hekta, malamin ƙidaya, wato mai rubuta gonaki da abin da ke kansu kafin a biya diyya, ya rubuta eka, ko a biya shi kuɗin eka a kan hekta, shi bai sani ba. Ku ƙirga bishiyoyi iri-iri, ɗorawa daban, kuka daban, tsamiya, mangwaro, kowace a ɗau hotonta da mutum a gindinta, a rarrabe mai 'ya'ya da ƙarama, domin farashinsu ba ɗaya ba ne a jadawalin diyya na jiha. Rijiya, rumbu, shinge duk a rubuta. Ni ban goyi bayan ƙaurace wa ƙidaya ba. Wanda ba ya nan ranar ƙidaya, sunan wani ake rubutawa a gonarsa.

Barista: Tsayawa a ƙidaya da karɓar kuɗi ba ɗaya ba ne, amma da zarar ka karɓi cek ka sa hannu cewa an sallame ka, ka raunana ƙararka da kanka. Amsar tambayarka ta biyu, Malam: sashe na 29 bai biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ke kanta ake biya, gini, amfanin gona, bishiyoyi, rijiya. Shi ya sa suke son ƙidaya da rani, lokacin da gona take fayau sai karan dawa. Abin da ba a faɗa wa manoma shi ne sashe na 6, ƙaramin sashe na 6: idan an soke haƙƙin gargajiya a kan filin noma, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin ya ci gaba da noma. Wannan ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ma'aikatar ƙasa, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata. Kuma ku hanzarta, domin sukan fake da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3. Kotuna sun sha cire rikicin fili daga wannan wa'adi, amma kada ku jingina da hakan.

Hajiya Mai Daddawa: Duk maganar maza ake. 'Yan'uwanka mata 5 fa, an tambaye su? Gadon da ba a raba ba, Baffa ba shi da ikon sallama kason marayun ɗan'uwansa, balle na waɗanda ke gidan aure. Sannan ɗorawa da kuka da kaɗanya mata ne ke cin moriyarsu, kalwa, daddawa, garin kuka, man kaɗe, shekara da shekaru. Ranar biya sai a miƙa wa maigida kuɗin bishiya sau ɗaya, mace ta rasa sana'arta har abada. Gayaunar matan gida ma ba a rubuta ta da sunansu. Ku je kotun shari'a a raba gadon nan, kowa ya san kasonsa da sunansa.

Mai tambaya: Hajiya, Allah ya bar zumunci, amma yanzu in na tayar da rabon gado za a ce kuɗi na hango, gida ya watse. 'Yan'uwana mata ba su taɓa ƙorafi ba, duk kaka ana kai musu hatsi.

Dattijon Gari: Yaro, ka bi a hankali. Lauya zai karɓi kuɗinsa ya koma birni, kai ne za ka zauna da dagaci da hakimi. Shari'ar fili da gwamnati tana iya cin shekara goma. Ku naɗa dattawa su kai kuka fada. Kuma ku ja kunnen matasa kada su tare hanya ko su tumɓuke turaku. Mu da muka san abin da ya faru a Bakolori cikin 1980, da manoma suka tare hanyar madatsar ruwa kan diyya aka buɗe musu wuta, ba ma son a maimaita.

Barista: Allah ya ƙara girma Baba, ban ce a tare hanya ba. Amma fada ba ta da ikon soke takardar da gwamna ya bayar. Sashe na 29 ma ya ba gwamna damar biyan diyyar filin al'umma ta hannun shugabanta, to ka ga wanda za a kai wa kukan wani lokaci shi ne mai riƙe da kuɗin. A je fada a gaishe su, amma takarda tana kotu. Wani abu kuma: dokar tantance illar muhalli ta 1992 ta wajabta wa babban aikin noma na hekta 500 ko fiye, ko wanda zai tayar da iyalai 100, yin rahoto, a baje shi jama'a su karanta su yi ƙorafi. Ku tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ina rahoton. In kuɗin lauya ne matsala, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam.

Malamin Gona: Ni a ganina ba za ku hana aikin ba, gara ku yi cinikin sharuɗɗa. Ku nemi a bar muku fadama, ku shiga noman kwangila, ƙasa na hannunku kamfani na sayen rake. Amma a rubuta: wa ke riƙe da sikeli, nawa ne tan, kwana nawa kafin biya, wa ke ɗaukar asara idan mota ta makara. Rake yana fara rasa zaƙi da an sare shi, kwana biyu a ƙasa ya rage nauyi da daraja, kuma bashin iri da taki daga kuɗinka ake cirewa. Alƙawarin aiki kuwa yawancinsa sara ne na 'yan watanni.

Ɗan Rugga: Kowa na lissafin gona. Burtalin da aka kafa wa turaku fa? Makiyayi ba ya cikin jerin diyya ko kaɗan, in aka toshe hanya da mashaya shanu gonakin da suka rage za su faɗa, sannan a ce Fulani sun tayar da fitina.

Mai tambaya: Na gode duka. Kotu dai Baffa ya ce ba da yawunsa ba, sauran gidaje kuma wasu har sun fara cin bashi a kan diyyar. Awon zan gwada da waya ranar Juma'a in maƙwabta sun yarda su fito. Amma har yanzu ba wanda ya ce min in yi shuka ko in bari.

Ɗan Safiyo: Ka shuka. Gona da amfani a kai ta fi ƙima a ƙidaya.

Malamin Gona: In an riga an yi ƙidaya an rufe jeri, abin da ka shuka bayan nan ba mai biyanka, iri da taki sun tafi. An yi ƙidayar ko ba a yi ba?

Mai tambaya: Sun dai zagaya da littafi ranar da nake kasuwa. Zan tambayi Baffa in ya dawo daga masallaci.