In faɗi ciwona da na mahaifiyata a takardar neman gurbin famasi a Amurka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina cike PharmCAS, fom ɗin bai-ɗaya na neman shiga makarantun famasi a Amurka, don neman gurbin PharmD, wato digirin zama mai harhaɗa magani. Ina da sikila, ta sa na janye daga darussa biyu a zango ɗaya, alamar W ta janyewa na nan a takardar sakamakona. Mahaifiyata kuma tana wankin ƙoda, hidimar magungunanta ce ta ja ni ga wannan fanni. In rubuta, ko in ja bakina?

Malamin famasi:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki fara sanin haƙƙinki. Sashe na 504 na dokar Rehabilitation Act ta 1973 da dokar ADA ta 1990, dokokin Amurka masu kare masu naƙasa, sun hana makaranta ƙin ɗaukar ɗalibi saboda larurar lafiya, kuma ba a tilasta miki faɗa kafin a ba ki gurbi. Sai dai abin da kika rubuta da hannunki ya shiga idon kwamiti, ba ya gogewa. Idan suka ƙi ki, da wuya ki iya nuna cewa dalilin ke nan.

Rubutun PharmCAS haruffa 4,500 ne har da tazarar kalmomi, guda ɗaya ke zuwa duk makarantun da kika zaɓa, kuma da zarar kin tura ba gyara. W ɗin nan za su gani ko kin so ko kin ƙi, shirunki kuwa zato zai haifar. Jimla biyu sun isa: larurar lafiya ta kwantar da ke a zango kaza, an shawo kanta, ga makin zangunan da suka biyo baya. Sunan ciwon ba dole ba ne. Idan makaranta na da nata fom mai gurbin bayanin matsalar karatu, can ya fi dacewa.

Mai harhaɗa magani a asibiti:
Batun Hajiya ya fi naki sauƙi, amma nan aka fi tuntuɓe. Masu karantawa sun ga labarin iyaye marasa lafiya ba adadi. Yawancin ɗalibai sai su cinye kashi uku cikin huɗu na rubutun a kan jinya, a gama ba a san ɗalibin ba. Ki juya lissafin. Ki nuna abin da hannunki ya yi: jera ƙwayoyi a akwatin kwana bakwai, gane cewa maganin da ke ɗaure fosfet (sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda) sai da abinci yake aiki, tambayar mai kantin magani me ya sa aka rage mata wani magani saboda ƙodar. Wannan ne ke nuna kin san aikin.

Kuma ki nemi izininta tukuna, ƙanwata. Ciwon sirrinta ne, dokar HIPAA mai kare sirrin bayanan lafiya ba ta rufe rubutun neman gurbi ba. Duk abin da kika sa, ana iya ɗauko shi a intabiyu. Abin da ba za ki iya magana a kai ba tare da hawaye sun ci ƙarfinki ba, ki bar shi.

Mai kula da horon ɗalibai:
Ƙari a kan na malam. Kowace makaranta tana da ƙa'idojin iya aiki da za ki sa wa hannu, ki karanta su yanzu. Ana tambayar ko za ki iya aikin, da tallafi ko babu, ba sunan ciwonki ba. Bayan an ba ki gurbi, ki je ofishin masu larura da takardar likita tun kafin a fara karatu, domin tallafin ba ya komawa baya ya gyara jarabawar da aka riga aka faɗi. Shekarar ƙarshe horo ne a asibiti da kanti, tsayuwar kusan awa 40 a mako, mai sikila na buƙatar a tsara mata hutu da shan ruwa tun da wuri.

Akwai inda ɓoyewa ke zama laifi: fom ɗin lasisin ɗalibi na hukumar famasi ta jiha, takardun rigakafi da gwajin tarin fuka, sai gwajin ƙwaya. In kina shan maganin ciwo irin su mofin, zai fito a fitsari. Ki riƙe takardar likita mai sunanki da kwanan wata, ki miƙa wa likitan da ke tantance sakamakon gwajin.